Hawan Dutsen Hada A Kan Tsohon Babur: Abin Da Ya Kamata Iyaye Da Matasa Su Sani

Dalilin wannan rubutu shi ne, wasu iyaye sun tare ni bayan sallar Juma'a suna tambaya game da 'ya'yansu, waɗanda ke sayen tsofaffin babura suna gyarawa, su ce za su hau Ɗa'ifa shan iska. Da yake na daɗe ina bin wannan hanya, na ga ya dace in bayyana abin da na sani, domin iyaye su san abin da za su tambaya kafin su ce a dawo lafiya.

Babur ɗina Honda CG125 ne. Kamfanin Honda ya fara fitar da shi a 1975, an kuma ƙera shi ne domin ƙasashen da babur ke shan wahala ba tare da kulawa sosai ba. Duk wanda ya zauna Kano ko Maradi ya san shi, ya san Besfa ta kamfanin Piaggio wadda ta fito tun 1946, ya kuma san roba-roba. Larabawa a nan suna kiran babur dabbab.

Yadda hanyar take

Daga Makka zuwa Ɗa'ifa ta Hada kusan kilomita 90 ne. Mutum zai wuce ta gefen Arfa har ya isa Kurr, a gindin dutsen Kara, daga nan hawa ya fara, kwana bayan kwana, wajen kilomita 20. An buɗe wannan hanya a 1965, zamanin Sarki Faisal, kuma har yau ana ganin tsohuwar turbar raƙuma a jikin dutsen. Makka ba ta kai mita 300 sama da teku ba, Hada kuwa tana wajen mita 2,000. Wanda ya ƙarasa Ɗa'ifa zai iya bin ƙananan hanyoyin Shafa, cikin ƙauyuka da gonakin wardi, wanda ake tsinka a watannin Maris da Afrilu. Ni dai ban san wani daɗi da ya kai barin zafin Mansur da asuba, hantsi ya same ni ina neman rigar sanyi ba.

Abin da hawa ke yi wa inji

Yayin da ake hawa, iska na ƙara sauƙi. A tsayin mita 2,000 tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Sabon babur yana da na'urar da ke daidaita mai da kanta, amma tsohon kafireto yake da shi, wanda zai ci gaba da zuba fetur kamar yana ƙasa alhali iska ta ragu. Sai mai ya yi yawa, ƙarfi ya ragu, fulogi ya yi baƙi. Wannan ba lalacewa ba ce, saboda haka kada a matsa masa totur. A rage giya, a tafi da fulogi na ajiya da abin kwance shi. Kuma tun da iska ce ke sanyaya irin wannan inji, a riƙa tsayawa a wuraren da aka ware yana hucewa.

Gangarowa ta fi hawa haɗari

Tsofaffin babura birkinsu na cikin cibiyar taya ne, idan aka daɗe ana take shi sai ya yi zafi ya daina kamawa. Ya taɓa faruwa da ni. Na biye wa birki tun daga sama, ina isa wata kwana na taka na ji babu komai, da kyar na rage giya na raɓe gefe, gwiwoyina suna rawa. Tun ranar nake gangarowa a giya ta biyu ko ta uku, inji na riƙe babur, birki kuwa taɓawa kaɗan a saki. Kashe inji ko sakin giya don tattalin mai ganganci ne.

Masu tsohuwar Besfa da ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, hukuncinsu daban. Idan totur na rufe tsawon gangara, man da ke isa cikin inji ƙalilan ne, yana iya cijewa. Su riƙa kama kulochi suna ɗan buɗe totur lokaci-lokaci, su kuma yawaita tsayawa.

Hazo na sauka a Hada ba sallama, har ta kai jami'an Murur kan rufe hanyar idan ruwa ko hazo ya yi yawa. A lokacin sai a bi ta Sailul Kabir, wadda ta fi nisa amma ba ta da tsananin hawa, sai dai manyan motoci a nan suke bi. Akwai kuma garken gwaggon biri a bakin hanya, masu motoci na tsayawa kwatsam don ba su abinci, saboda haka a bar tazara. Wanda kuma ya yi niyyar umara a dawowarsa, miƙati na nan a Wadi Muharram kusa da Hada.

Maganar takardu

Wannan ita ce ta fi damuna. Da yawa cikin tsofaffin baburan da ke yawo a lungunanmu ba su da lamba ba su da istimara. Babur yana buƙatar rajista da inshora, mai tuƙi yana buƙatar lasin babur, wanda daban yake da na mota, da iƙama mai rai, da hular kwano. Akwai shingayen bincike a hanya, kuma mun san yadda ƙaramin laifin hanya ke iya zama babbar matsala ga baƙo da iyalinsa. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka ya ku iyaye, idan yaro ya zo neman izini, ku ce ya nuna takardu, ku tambayi wa ya duba birki da taya da sarƙa, su nawa ne za su tafi, kuma ya yi alkawarin sauka daga dutse kafin magariba. Wanda ya cika waɗannan, a sa masa albarka ya je ya ga ikon Allah. Wanda bai cika ba, ya bi motar haya, Hada ba za ta gudu ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mana zuri'a. Wassalam.