Bayan Jaje: Mai Mota Tsakanin Kamfanin Inshora da Gareji

[Kiɗan buɗe shiri]

Shirinmu na musamman na yau zai tsaya ne a kan ranar da babu mai motar da ke fatan gani, wato ranar da motar da yake ji da ita ta yi hatsari. Za mu bi shi tun daga bakin titi, mu raka shi kamfanin inshora, mu ƙare a gareji. Ku biyo mu.

[Kiɗa ya lafa]

Akwai magidancin da ya shekara da shekaru yana zubin adashi kafin ya mallaki Corolla 'yar Kwatano. Akwai wanda Peugeot 504 ɗin mahaifinsa ya gada, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, har yau sai ya goge ta da safe kafin ya karya kumallo. Da ita ake kai yara makaranta, da ita ake garzayawa da maƙwabciya asibiti in naƙuda ta taso cikin dare, da ita ake zuwa ƙauye gaisuwar Sallah.

Ran da tsautsayi ya afka wa irin wannan mota, jama'a kan taru a yi jaje: tunda rai ya tsira sai godiya, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya mayar da alheri. Gaskiya ne, rai ya fi dukiya. Amma da taro ya watse, mai mota ke saura shi kaɗai, lagireto na ɗiga, gilashi a tarwatse bisa kwalta, ga wanda aka daki motarsa tsaye yana jiran a ce masa wani abu. Abin da zai biyo baya ya rataya ne a kan abubuwa biyu: abin da ya yi a wannan sa'a ta farko, da irin takardar da ke cikin motarsa.

Mu fara da sa'ar farko. In akwai wanda ya ji rauni, shi ne gaba da komai. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar gaggawa, 122, kuma kiranta kyauta ne. Bayan haka, kafin janwe ta ja motar, a ɗauki hotuna da waya: gaba da baya, lambobin motocin biyu, sawun birki a kan titi, da yadda kowace mota ta tsaya. A karɓi sunan ɗaya direban da na kamfanin inshorarsa, a kuma sanar da 'yan sanda, domin da wuya kamfani ya biya babbar ɓarna ba tare da rahotonsu ba. Abin da ba a so shi ne a tsaya cacar baki, ko a yi alkawarin biyan kuɗi cikin ruɗewa. Da yawa an yi sulhu a bakin titi, an ce a raba gyara biyu, daga baya kuɗin gyaran ya ninka abin da aka zata, zumunci ya ɓaci.

[Gajeren kiɗa]

To, wace takarda ce a cikin motar? Tun 1945 aka yi dokar da ta wajabta wa duk mai abin hawa a Najeriya ya riƙe inshorar da ke kare wanda zai iya yi wa ɓarna, wadda ake kira ta ɓangare na uku. Shekara da shekaru kuɗinta naira 5,000 ne ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 1. Daga 1 ga Janairun 2023, hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin naira 15,000, diyyar ɓarnar dukiya kuma ta kai har naira miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tsaurara binciken wannan takarda a kan hanyoyin ƙasar.

Ga inda mutane da yawa ke shan mamaki: wannan inshora ba ta gyara motarka. Motar wanda ka daka take gyarawa, da ɗawainiyar wanda ka ji wa rauni. In kuwa kai aka daka, kana da haƙƙin neman gyara daga kamfanin inshorar wanda ya dake ka. Mutane nawa ne a cikinmu suka taɓa neman wannan haƙƙi? Akasari mun ɗauki takardar a matsayin abin nunawa a shingen bincike, shi ya sa ba ma damuwa da inda ta fito. Sai a miƙa wa ɗan kamasho kuɗi a bakin ofishin lasisi, ya dawo da takarda mai tambari da sa hannu, alhali babu kamfanin da ya san da ita. Ranar hatsari ake gane ta bogi ce, mai mota ya biya ɓarna daga aljihunsa. Ga shi kuwa tantancewar ba ta da wuya. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai, in ka danna *565*11# a wayarka ka shigar da lambar motarka, za a nuna maka ko inshorarka tana da rajista.

Wadda ke gyara motarka ita ce cikakkiyar inshora, kuɗinta kuma bai kasa kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba a shekara. Misali, motar naira miliyan 4 za ta ci aƙalla naira 200,000. Sai dai akwai abin lura. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, farashin motoci da kayan gyara ya yi tashin gwauron zabi. In ka bar darajar motarka a takarda kan miliyan 4 alhali a kasuwa ta kai miliyan 8, ranar da ta ƙwace gaba ɗaya ba za a biya ka fiye da abin da ka rubuta ba. Duk shekara, lokacin sabuntawa, a gyara wannan adadi.

Mun san akwai masu ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da caca. Damuwarsu abin girmamawa ce, kuma an samar mata da mafita. A 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, yanzu haka akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da ke aiki a kan wannan tsari. Mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya, a taimaki wanda musiba ta samu daga ciki, in an yi rara a ƙarshen shekara su ma suna da rabo. Malamai kan danganta shi da yadda shari'a ta ɗora wa dangi haɗa diyya in ɗan'uwansu ya yi kisan kuskure.

[Gajeren kiɗa]

Yanzu ga mai mota a gaban kamfani. A sanar da su da wuri, kada a bari kwanaki su ja. Kada kuma a taɓa motar da guduma kafin jami'insu ya zo ya ƙiyasta ɓarnar, domin wanda ya riga su gyara ya share hujjarsa da hannunsa. Za su nemi lasisin tuƙi mai rai, takardun mota, hotuna, rahoton 'yan sanda da ƙiyasin bakanike. In motar gida aka rubuta amma kabu-kabu ake yi da ita, ko kuma yaron da ba shi da lasisi ne ke riƙe da sitiyari, kamfani na iya ƙin biya. Akwai kuma wani kaso na kuɗin gyara da mai mota ke ɗauka da kansa, yana nan rubuce a yarjejeniya. In gyaran ya kusa cinye darajar motar, sai su biya kuɗinta su ɗauke ragowar ƙarfen. Wannan yakan yi wa mai son motarsa ciwo, amma yana iya neman a bar masa ita a cire kimarta daga abin da za a ba shi. Wanda kuma kamfani ya riƙa yi masa je ka dawo ba dalili, kada ya ce ya bar wa Allah ya koma gida. NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, neman haƙƙi kuma bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba.

[Ƙarar guduma a gareji]

Ga mu a gareji. Mai gyaran bodi ya hura wuta, ya bubbuga ƙofa har ta miƙe, ya shafa mata fila, ya goge da sanfefa, mai fenti ya fesa, mota ta fito tana ƙyalli. Mai ita ya zagaya ta yana murmushi. Amma lafiyar mota tana can inda ido ba ya kaiwa. In shasi ya lanƙwashe, mota za ta riƙa ja gefe tana cin taya ta ɓangare ɗaya, kuma ba za ta jure wani dukan ba. In jakar iskar da ke kare direba ta fashe, akwai masu manne murfin sitiyari su kashe fitilar gargaɗi, ciki wayam. Bel ɗin kujera da ya riƙe mutum a babban hatsari shi ma ya gama aikinsa, sauya shi ake yi.

Saboda haka, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tafi tare da bakanikenka, ka ga abin da aka saya da idonka. Ka tambaya: sabo ne, Beljiyam ne, ko jabu? A rubuta farashin kaya daban, ladan aiki daban. Kada ka biya kuɗin aiki duka tun farko, ka kuma ce a ajiye maka tsofaffin kayan da aka cire. In kuɗi sun gaza, a fara da birki da sitiyari da taya, fenti ya jira.

Ku kuma iyayen gidanmu masu gareji, motar da aka kawo muku amana ce, ran iyalin wani ne zai hau ta. Haka wanda ya gyara mota ya kai ta kasuwa, ya faɗa wa mai saye cewa ta taɓa yin hatsari. Ɓoye aibin kaya algus ne, addini ya hana, a kan mota kuwa yana iya zama sanadin rai.

Jama'a masu saurare, rigakafi ya fi magani. Kafin ku kwanta yau, ku ɗauko takardar inshorar motarku, ku duba ranar ƙarewarta, ku danna *565*11# ku tabbatar ta gaskiya ce. In ba ta gaskiya ba ce, gobe ku nufi kamfani mai lasisi ku yanki sahihiya. A nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Allah ya tsare mu a kan hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]