Cinikin injuna a Formula 1: Wa zai ɗauki wa bayan 2030?

Kakar 2026 ta zo wa gasar tseren motoci ta Formula 1 da sauyin da ba a ga irinsa ba tun 2014. An sake dokokin ƙera injin, Audi ya shigo, Ford ya dawo, Renault ya rufe sashensa na injuna, an kuma samu ƙungiya ta 11, wato Cadillac. Sai dai tun kafin sababbin injunan su yi zagayen farko, hankalin shugabannin ƙungiyoyi ya riga ya koma kan wata tambaya: wane kamfani ne zai ba wace ƙungiya injin idan yarjejeniyoyin yanzu suka ƙare? Mafi yawansu za su ƙare ne tsakanin 2028 da 2030, kuma ƙera sabon injin kan ci shekara uku zuwa huɗu. Wannan ne ya sa cinikin da ake ganin na gobe ne ya zama na yau.

Yadda rabon yake a yanzu

Kamfanoni biyar ne ke ƙera wa ƙungiyoyi 11 injuna. Mercedes, daga masana'antarsa ta Brixworth a Ingila, yana ɗauke da huɗu: ƙungiyarsa, da McLaren, da Williams, da Alpine. Ferrari yana ƙera nasa a Maranello ta Italiya, yana kuma sayar wa Haas da Cadillac. Red Bull ya kafa sashen injin na kansa a Milton Keynes tare da Ford, domin ƙungiyoyinsa biyu, Red Bull da Racing Bulls. Honda ya ƙulla da Aston Martin ita kaɗai. Audi kuwa, da ya sayi ƙungiyar Sauber, yana haɗa injinsa a Neuburg ta Jamus, kuma ba shi da abokin ciniki ko ɗaya.

Sabon injin ya riƙe silinda shida da girman lita 1.6, amma an cire na'urar MGU-H mai tatsar ƙarfi daga iskar da ke fita ta salansa, saboda tsadarta da wuyar sarrafa ta. An ɗaga ƙarfin ɓangaren lantarki daga kilowat 120 zuwa 350, ta yadda kusan rabin ƙarfin motar daga batir yake fitowa. Man da ake zubawa ma dole ya kasance wanda ba daga ɗanyen mai na rijiya aka tace shi ba. Waɗannan sharuɗɗa ne suka jawo Audi, suka kuma dawo da Honda bayan ya sanar da ficewarsa a 2020.

Mai ƙerawa da mai haya

An daɗe ana ganin cewa ƙungiyar da ke hayar injin ba za ta taɓa zama zakara ba. Dalilin a fili yake: mai ƙerawa yana tsara injin da gangar motar tare, shi kuwa mai haya sai ya jira a kawo masa, sannan ya gina motarsa a kewayen abin da ya samu. Wannan tunani ne ya sa McLaren, a ƙarƙashin Ron Dennis, ta rabu da Mercedes ta koma Honda a 2015. Shekara uku aka yi ana fama da injin marar ƙarfi mai yawan lalacewa, har aka raba gari a ƙarshen 2017.

Ita dai wannan McLaren ce daga baya ta rusa tunanin. Ta koma Mercedes a 2021, ta ci kambun ƙungiyoyi a 2024, karo na farko tun 1998, ta sake ci a 2025, shekarar da Lando Norris ya zama zakaran direbobi. Duk wannan da injin haya, kuma a gaban ƙungiyar kamfanin da ya ƙera shi. Abin da ya taimaka shi ne umarnin hukumar FIA na 2018, wanda ya wajabta wa mai ƙerawa ya ba abokin cinikinsa injin da manhaja iri ɗaya da nasa.

Nasarar McLaren ta yi tasiri a birnin Paris. Renault, wanda ya shigo da injin turbo gasar a 1977, wanda kuma injunansa suka ba Red Bull kambu huɗu a jere daga 2010 zuwa 2013, ya yanke shawara a Satumban 2024 cewa zai daina ƙera injin Formula 1 a Viry-Châtillon. Ma'aikatan wurin sun yi zanga-zanga, har wasunsu suka je filin Monza da alluna, amma lissafin kuɗi ya rinjaya. Hayar injin ba ta kai ko kusa da kuɗin ƙera shi ba. Haka Alpine, mallakin Renault, ta koma sayen injin Mercedes har zuwa aƙalla 2030.

Mercedes na son rage kaya

A nan ne raɗe-raɗin suka fi ƙarfi. Yarjejeniyoyin McLaren da Williams da Alpine duk sun tsaya ne a 2030. Shugaban ƙungiyar Mercedes, Toto Wolff, ya bayyana a ƙarshen 2025 cewa kamfanin na son rage yawan ƙungiyoyin da yake ba injin a zango na gaba. Ɗaukar ƙungiyoyi huɗu yana nufin shirya injuna domin motoci takwas, da sassan canji, da injiniyoyin da za su bi su ƙasa-ƙasa. Yana kuma tilasta wa kamfanin ya kammala tsarin injinsa da wuri domin a samu lokacin ƙera na kowa.

Idan hakan ta tabbata, wa za a sauke? Masu sharhi sun kasu biyu. Wasu na ganin McLaren ce, domin babu kamfanin da zai ji daɗin ba abokin hamayya makamin da yake kayar da shi. Wasu kuma na ganin Alpine ce, tunda ita ce ta zo daga baya, ita kuwa McLaren nasararta talla ce ga injin. Williams na da tsohuwar alaƙa da Mercedes tun 2014, kuma shugabanta, James Vowles, daga can ya fito. Ita ma McLaren ba ta zauna jiran tsammani ba. Tun a 2023, kafin ta sabunta yarjejeniyarta, shugabanta Zak Brown ya ziyarci masana'antar injin Red Bull domin ya ga abin da ake yi. Kayan aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

Masu neman abokan ciniki

Abin da Mercedes ke son saukewa, wasu na buƙatarsa. Kamfanin da ke da ƙungiya ɗaya yana tattara bayanai ne daga motoci biyu kacal a kowane tsere, alhali Mercedes na samu daga takwas. A sabon injin, inda kowace matsala sai an yi gudu ake gano ta, wannan gibi babba ne. Shi ya sa ake yawan ambaton Audi da Honda a matsayin waɗanda za su karɓi duk ƙungiyar da ta rasa masauki. Akwai ma doka a kan haka: idan ƙungiya ta rasa mai ba ta injin, FIA na iya tilasta wa kamfanin da ya fi ƙarancin abokan ciniki ya ɗauke ta. An yi dokar ne bayan rikicin 2015, lokacin da Red Bull ya ɓata da Renault, ya nemi Mercedes aka ƙi, har ya ƙare da injin Renault ɗin mai ɗauke da sunan kamfanin agogo na TAG Heuer.

Ferrari ma zai fuskanci nasa sauyin. FIA ta amince wa General Motors ya zama mai ƙera injin daga 2029, don haka zaman Cadillac da Ferrari na ɗan lokaci ne. Yarjejeniyar Haas da Ferrari kuwa za ta ƙare a 2028, kuma tun Oktoban 2024 Haas ta ƙulla ƙawancen fasaha da sashen tsere na Toyota. Toyota ya yi gasar daga 2002 zuwa 2009 bai ci tsere ko ɗaya ba, kuma jami'ansa sun sha cewa ba su da shirin ƙera injin. Duk da haka, duk lokacin da alaƙar ta ƙara zurfi, sai maganar ta sake tashi. Idan ƙungiyoyin biyu suka tafi, Ferrari zai buƙaci sababbin abokan ciniki.

Wane irin injin ma za a yi?

Duk wannan hasashe ya rataya ne a kan abin da ba a yanke ba tukuna. An tsara dokokin yanzu su kai har 2030. A farkon 2025, shugaban FIA Mohammed Ben Sulayem ya kawo shawarar a koma injin mai silinda goma, irin mai ƙarar nan da tsofaffin masoya gasar ke kewa. Taron da aka yi da kamfanoni a Bahrain a watan Afrilun shekarar ya jingine batun, daga nan magana ta karkata zuwa silinda takwas da ɗan ƙaramin ɓangaren lantarki.

Zaɓin zai iya sake fasalin kasuwar baki ɗaya. Injin mai sauƙi da araha zai buɗe ƙofa ga masu ƙera injin masu zaman kansu, irin rawar da Cosworth ya taka shekaru da dama, har ma ya ba babbar ƙungiya kamar McLaren damar tunanin yin nata. Amma Audi da Honda sun nuna a fili cewa lantarki ne ya kawo su. General Motors kuwa na kashe kuɗi a kan injin da watakila shekara biyu kawai zai yi kafin a sake doka.

Tarihi ya nuna cewa kamfanonin motoci ba su da tabbas a wannan gasa. Honda ya fice ba zato a Disamban 2008 saboda matsin tattalin arzikin duniya. Ƙungiyar da ya bari ta zama Brawn GP, ta sa injin Mercedes cikin gaggawa, ta ci kambu biyu a 2009. BMW da Toyota suka bi bayansa a ƙarshen shekarar. Red Bull ya koyi darasin a 2020, lokacin da Honda ya sake yin sallama, shi ya sa ya gina masana'antarsa, ya kuma bar tattaunawa da Porsche ta watse a 2022 a kan batun wanda zai riƙe ragama.

Saboda haka abin da shugabannin ƙungiyoyi ke aunawa ya wuce wane injin ya fi gudu a bana. Suna duban wanda zai tsaya idan kasuwar motoci ta yi sanyi, da wanda zai ba su bayanai a kan lokaci, da wanda ba zai mayar da su 'yan rakiya ba. Williams da Alpine da McLaren na da sauran shekaru a takarda. A aikace kuwa, da zarar FIA ta sanar da dokokin da za su biyo bayan 2030, sai kowa ya nemi inda zai sa hannu, kuma wanda ya makara sai ya karɓi abin da aka bar masa.