Kamun Kaza da Kamun Sarki

Duk gidan da baƙo ya sauka ba zato, yara sun san abin da zai biyo baya: a kamo jar kazar nan. Sai tsakar gida ta rikice, wannan ya faɗa kan turmi, wancan ya kifar da tukunyar ruwa, kaza kuma ta haye katanga tana kyarkyara. Kakarmu ba ta taɓa gudu ba. Tana zaune za ta ce a rufe ƙofar zaure, a jingina faifai a bakin rariya, wani ya tsaya ta wajen rumbu. Sannan ta watsa 'yar tsaba a lungu. Kaza da ƙafarta take zuwa.

Haka nake ganin wasan ces, darar nan mai gida 64, idan aka jera maka 'ya'ya aka ce nemo yadda za ka kulle sarki ko abokin wasa ya ƙi ko ya so. Sabon shiga yakan yi ta kai wa sarki hari, sarki na zillewa. Gwani kuwa ƙofofi yake fara ƙirgawa: in na taka nan, ina da ina zai bi?

Akwai wani tsohon tarko da ke cikin littafin da Lucena, mutumin Sifaniya, ya wallafa a 1497. Taku biyar ne. Sarauniya ta kora sarki kusurwa, inda sojojinsa biyu suka tare masa gaba. Doki ya yi tsalle ya razana shi, ya fito. Doki ya sake tsalle, hari ya zo ta fuska biyu, dole ya koma. Daga nan sai abin da ke sa hannu rawa: ka ɗauki sarauniya, mafi tsadar abin da ka mallaka, ka ajiye ta gefen sarki. Ba ya iya cin ta, doki na gadinta. Hasumiyarsa ce tilas ta ci, kuma da cin nan ta toshe masa gida ɗaya tak da ya rage. Doki ya dawo, shi ke nan, nasa ne suka shaƙe shi.

Ranar da na fara cin karo da tarkon nan na fi rabin sa'a ina kallo, na ƙi sakin sarauniyar, sai ka ce yaron da aka ba tsaba ya damƙe a hannu yana bin kaza da gudu.