Wa Ke Riƙe Jirgi Marar Matuƙi a Sama?

Tun shekarar 2022 ƙananan jiragen kamfanin Zipline ke tashi daga Pambeguwa a jihar Kaduna, suna kai jini da alluran rigakafi asibitocin karkara, aikin da suka fara a Ruwanda a 2016. Jirgin na cin kusan kilomita 100 a awa, ya saki kwalin magani da 'yar lema, ya komo gida, alhali ba kowa a ciki.

Irin wannan jirgi mai kafaffun fukafukai ba ya tsayawa cak a sama. Da zarar iskar da ke ratsa fukafukinsa ta yi rauni, sai ya rikito. Don haka kwamfutar cikinsa dole ta san abu biyu a kowane lokaci: yadda jikinsa ya karkata, da ƙarfin iskar da ke dukansa.

Na'urorin auna karkata ba baƙi ba ne. Mai gyaran waya a Sankaryare, cikin Wagadugu, yana taɓa irinsu kullum, su ne ke juya hoto in an kwantar da waya. Sai dai kowace da aibinta. Mai auna juyi tana tara ɗan kuskure sannu a hankali har ya yi yawa. Mai gane inda ƙasa take tana ruɗewa in jirgi ya sha kwana. Kamfas kuwa, wutar injin ma kan kawar da shi daga arewa.

Auna iska ya fi wuya. GPS gudun jirgi a kan ƙasa kawai yake faɗa. A ce ya nuna kilomita 70, iska kuma na turo jirgin ta baya da 30: abin da fukafuki ke samu 40 ne kacal, wanda kan iya kasa ɗaukarsa. Shi ya sa ake ɗora wani siririn bututu yana fuskantar gaba, ƙirƙirar Bafaranshe Henri Pitot a 1732, don ya auna matsin iska. Toshewar irinsa da ƙanƙara ce ta fara rikita wani jirgin Air France a 2009, har ya faɗi, mutum 228 suka rasu.

Tunda babu na'urar da za a sakar wa jiki ita kaɗai, kwamfutar kan yi abin da alƙali ke yi da shaidu: ta saurari kowa, ta ba kowa gwargwadon amincinsa. Lissafin da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960 ke nan. Takan yi hasashe, ta gwada shi da awo, ta gyara, sannan ta motsa 'yan marafan da ke bayan fukafuki da wutsiya, sau da dama cikin daƙiƙa guda.

A ƙasashenmu na Sahel jarrabawar ta fi tsanani. Ƙurar hunturu na cika bututun. Zafin Afrilu, da kan haura digiri 40 a Wagadugu, na sa iska ta yi shara-shara, jirgi ya buƙaci ƙarin gudu kafin ya ɗaga. Iskar da ke gaban hadari kuwa kan sauya alƙibla farat ɗaya.

Matashin da ke son wannan fanni ya sani manhajojin ArduPilot da PX4 kyauta suke a intanet. Ya dage da lissafi, ya rufe bakin bututun in jirgi na ajiye, ya duba shi kafin kowane tashi. Ya kuma nemi izinin hukumar jiragen sama, musamman a Wagadugu, inda filin jirgi ke cikin gari.