Yadda A Ke Raba Manyan Lambobi A Taƙaice

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo yana raba lamba mai sifiri bakwai ko takwas, ya san inda wahalar ta ke. Sifiri ɗaya ya kuɓuce, shi ke nan amsa ta ɓaci har ninki goma, yara kuwa su kwafe ta haka nan cikin littattafansu. Saboda haka masana su ka yi dabara: su rubuta lamba wadda ta kai 1 amma ba ta kai 10 ba, sa'an nan sau goma, da wata 'yar lamba bisa kafaɗar goman mai nuna goma nawa za a ninka.

Ga misali. Tsakaninmu da rana kimanin kilomita 150,000,000 ne, watau 1.5 × 10⁸. Haske kuwa yana cin wajen kilomita 300,000 a sakan guda, watau 3 × 10⁵. (Mutanen dā da yawa sun ɗauka haske ba ya ɓata lokaci a hanya, sai a 1676 Ole Romer, mutumin Danmak, ya nuna ba haka ba ne.) To, sakan nawa hasken rana ya kan yi kafin ya iso mu?

Aikin kashi biyu ne. A raba na gaba da na gaba: 1.5 ÷ 3 ya ba da 0.5. Sa'an nan a ɗebe 5 daga 8, saura 3. Dalilin ɗebewar, goma takwas ne a bisa, biyar a ƙasa. Biyar su kashe biyar, uku su rage. Mun sami 0.5 × 10³ ke nan.

Nan ne fa santsin ya ke. Tun da 0.5 bai kai 1 ba, sai a matsar da ɗigo dama, ya zama 5. Wanda ya yi haka ya ninka lambar sau goma, tilas ya biya bashin daga kafaɗa, 3 ya koma 2. Mai gaggawa ya kan bar 3 yadda ya ke, ya sami 5,000. Wani ma ya ƙara ɗaya, ya sami 50,000, har ya sa haske ya yi kusan awa 14 a hanya. A ganina kada malami ya wuce wurin nan sai kowane yaro ya warware 0.5 × 1,000 da hannunsa, ya ga 500 da idonsa.

Amsa dai 5 × 10², watau sakan 500, minti 8 da sakan 20.