Abin da Tsutsar Ƙuda Ta Koya wa Likitoci

Kun san ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro? Masana a Amurka sun haska tsutsotsinsu da hasken ɗaukar hoton ƙashi mai ƙarfi sosai, ƙwayoyin jikinsu da yawa suka lalace. A shekara ta 2000 suka bayyana abin da ke biyo baya: wata ƙwayar gado mai suna p53 takan ba lalatattun umurni su mutu. Masu lafiya kuma sai su hayayyafa, su cike gurbi.

Mu ma muna da wannan mai gadi a jikinmu. Idan ya kasa aikinsa, lalatattun ƙwayoyi sukan yi ta ƙaruwa har su zama ciwon daji. Saboda haka, in kun ji ƙullutu a nono ko wuya, kada ku jira ya yi zafi. Ku zo asibiti da wuri.