Tallafi Kafin Rumbu Ya Ƙare: Shirin PSNP na Habasha

Habasha ta daɗe tana fama da yunwa mai zuwa tana komawa. Bayan babbar yunwar 1984 zuwa 1985, wadda ta hallaka dubban ɗaruruwan mutane, ƙasar ta shafe shekaru tana miƙa ƙoƙon bara kusan kowace shekara. Damina ta gaza, gwamnati ta yi shela, ƙasashen waje su tara hatsi, a yi ta jigila daga tashar jiragen ruwa zuwa ƙauyukan kan tsaunuka. Kafin buhu ya iso, manomi ya riga ya sayar da san huɗarsa, ya cinye irin shuka, ya ci bashi. Agajin yakan ceci rai, amma gidan yakan wayi gari cikin talaucin da ya fi na bara.

Farin 2002 zuwa 2003, da ya jefa mutum fiye da miliyan 13 cikin buƙatar abinci, shi ya sa aka sake lale. An gane cewa akwai miliyoyin da ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, hatsinsu ba ya kai su kaka. Matsalarsu ba ta gaggawa ba ce, don haka babu dalilin jiran shela kafin a taimake su. A 2005 gwamnatin Meles Zenawi, tare da Bankin Duniya, Tarayyar Turai, Amurka, Birtaniya da wasu masu ba da agaji, ta ƙaddamar da shirin da aka fi sani da PSNP. Ya fara da mutum kusan miliyan 5, daga baya ya kai wajen miliyan 8.

Galibin gidajen da ke ciki aiki suke yi a biya su. Ana lissafa kwana biyar a wata a kan kowane ɗan gida, na tsawon wata shida, yawanci daga Janairu zuwa Yuni, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. Ladan yini shi ne kilo 3 na hatsi ko kuɗinsa. Aikin kuwa na gyaran ƙasa ne: jera duwatsu a gangaren tsauni don tare zaizaya, haƙa tafkuna, dasa itatuwa, killace filayen da kiwo ya cinye har su farfaɗo, da gyaran hanyoyin ƙauye. Tsofaffi, naƙasassu da gidajen da ba su da mai ƙarfi a jiki ana ba su nasu ba tare da aiki ba, haka ma masu juna biyu da masu shayarwa na wani ɗan lokaci. Kwamitin ƙauye ke zaɓen gidajen, a karanta sunaye a bainar jama'a, wanda aka tsallake kuma yana da inda zai kai kuka.

Ƙarfin shirin yana cikin sanin cewa tallafin na nan tafe. Wanda ya san za a biya shi a wata mai zuwa ba ya gaggawar kai akuyarsa kasuwa ranar da kowa ke kai tasa, farashi ya faɗi warwas. Shi ya sa jinkirin biya, wanda ya addabi gundumomi da dama, ya fi kowace matsala illa. Binciken cibiyar IFPRI ya nuna cewa gidajen da suka shekara biyar a shirin sun rage watannin ƙarancin abinci da fiye da wata guda, kuma dabbobinsu sun ɗan ƙaru, in aka gwada su da waɗanda suka yi shekara ɗaya kawai. Ci gaba ne na gaske, ko da yake ba mai yawa ba ne. A fannin tsumburewar yara kuwa, binciken bai ga wani canji na a zo a gani ba.

Kuɗi ma sun taɓa ba da kunya. Ladan yini a farko bir 6 ne na kuɗin Habasha, kuma da farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabi a 2008, ƙarin da aka yi bai kamo kasuwa ba, sai mutane da yawa suka gwammace a ba su hatsi. Batun yaye gidaje daga shirin shi ma ya zo da gardama, domin an samu inda aka cire mutane don cika adadi alhali ba su tsaya da ƙafafunsu ba. A yankunan makiyaya na Afar da Somali, inda al'ada ta sa duk abin da ya shigo ake rabawa cikin dangi, ware matalauci daga mai hali ya yi wuya.

A farin 2015 zuwa 2016, da mutum fiye da miliyan 10 suka buƙaci agajin gaggawa, rajista da ma'aikatan da shirin ya riga ya kafa sun taimaka wajen isar da abinci da wuri, kuma ba a ga mace-mace irin na 1984 ba. A 2016 aka buɗe makamancinsa a birane, ciki har da Addis Ababa. Yaƙin da ya ɓarke a Tigray a Nuwamban 2020 ya tsayar da biya a yankin, wanda yana cikin wuraren da aka fara shirin kuma aka fi yaba ayyukansa na gyaran ƙasa.